Akwatin sauraren Sabon Alkawari mai cajin rana: na'urar ta yi, takardar rahoton ce da magana

Sana'ata gyaran rediyo da salula ce a kasuwar Tawa, kuma ina cikin dattawan wata ƙaramar ikkilisiya a nan garin. Saboda haka duk abin da ke da batir, in ya shigo majami'a, ta hannuna yake fara bi. Haka aka yi da akwatin sauraren Sabon Alkawari, mai cajin ranan nan da wata ƙungiya mai ofishi a Yamai ke raba wa ikkilisiyoyi. 'Yan'uwa daga Ƙonni, Madawa da Keita suna ta aiko mini da tambaya ko su karɓa, sai na ga gara in rubuta kowa ya karanta. Akwatin dai ya ci kuɗinsa. Takardar da ake haɗo shi da ita ce nake da magana a kanta, kuma maganar da tsawo.

Mu jika goma muka biya, ƙungiyar ta ce ita ta cika sauran. Sharaɗinsu a kafa rukunin masu sauraro da za su riƙa zama aƙalla sau ɗaya a mako, a kuma cika takardar rahoto duk ƙarshen wata.

Tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba. Jikinsa roba ce mai kauri, faifan cajin rana a bayansa, lasifika a gaba, maɓallai biyar a sama, sai kafar caja a gefe don ranar da aka samu wuta. Ban bari an kunna shi a majami'a ba sai da na kwance shi a rumfata. Aikin cikinsa tsaf, an ɗora dalma yadda ya kamata, babu wayar da aka bari tana lilo. Abin da ya fi faranta mini rai shi ne batirin: dogon nan ne irin na cikin tocila mai caji, kuma ba a manne shi da gam ba, a maƙale yake. Ranar da ya mutu, duk mai gyaran da ya san hannunsa zai canja shi, ba sai an aika Yamai ba. Wanda ya taɓa jefar da salula lafiyayya saboda batirinta a liƙe yake ya san darajar wannan.

Amma wanda ya zana shi bai taɓa yin bazara a Adar, yankinmu na Tawa, ba. Batirin yana kwance daidai bayan faifan rana, ke nan in ka shanya akwatin don ya yi caji, batirin ma ka shanya. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, irin wannan batir ba ya jurewa, ƙarfinsa raguwa yake yi, wani ma ya kumbura. Na wata ikkilisiyar ƙauye da aka kawo mini, a kan rufin kwano suke ajiye shi tun safe har la'asar, kafin damina ta faɗi ba ya iya sura uku sai ya ɗauke. A shanya shi da sassafe, a ɗauke da hantsi, a ɗora shi bisa itace biyu yadda iska za ta bi ta ƙarƙashinsa. Kada a ajiye shi a kan yashi, balle kwano. Ƙurar hunturu kuma tana shiga ta ramukan lasifikar, sai ka ji muryar ta fara ƙarar-ƙarar. Ni ƙyalle marar kauri na sa ta ciki, matsalar ta ƙare.

Ƙararsa ta isa tsakar gida mai mutum ashirin. Ba shi da allo, murya ce ke faɗin sunan littafi da lambar sura, kuma yana tuna inda aka tsaya, ko da an kashe shi mako guda. Ba a iya zuwa aya kai tsaye, sai dai sura. Sabon Alkawari littattafai 27 ne, surori 260, saboda haka wanda ke neman Ibraniyawa 11 sai ya yi haƙuri da danne-danne. Babu rediyo a ciki, babu wurin sa kati. Samarinmu sun yi ƙorafi a kan haka, ni kuwa na ce madalla. Da akwai wurin kati, da yanzu ya cika da waƙoƙi, ko kuma ya yi ƙafa.

Akwai masu cewa me ya sa za a biya kuɗi alhali ana sauke karatun Littafi Mai Tsarki na Hausa kyauta a salula. Gaskiya ne. Sai dai salula ta mutum ɗaya ce, kuma galibi ta mai gida ce. In ya tafi bida, ta tafi. Akwatin nan kuwa a gida yake kwana, tsohuwar da ba ta yarda ta taɓa gilashin salula ba tana danna maɓallinsa da kanta.

Masu karatun sun iya. Muryoyi daban-daban ne, na Yesu dabam, na Bitrus dabam, har da kukan zakara a inda ya kamata. Hausar ta Najeriya ce, amma Ba'adaren da ya tashi da rediyo ba ya rasa komai a ciki. Kiɗan da ke bin bayan karatun ne yakan yi yawa a wasu wurare, tsofaffi masu nauyin kunne suna wahala. Babban giɓin shi ne babu Tsohon Alkawari. Babu Zabura, babu Karin Magana, babu labarin Ibrahim da Yusufu da Musa, alhali su ne sunayen da maƙwabtanmu suka sani tun suna makarantar allo, nan ne hira take fara daɗi. Babu kuma Tamajak ko Fulatanci, a garin da ba ka taku goma a kasuwa ba ka ji ɗayansu ba. Abin dariya, surar farko ta Matiyu da 'yan boko kan tsallake, jerin wane ya haifi wane, ita ce dattawa suka ce a maimaita. Mutumin da aka san kakanninsa har arba'in da wani abu, suka ce, ba ɗan tsintuwa ba ne, ya cancanci a saurare shi.

Jin Maganar Allah ta kunne ba sabon abu ba ne gare mu. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, shekara takwas bayan 'yan mishan na ƙungiyar SIM sun sauka Damagaram a 1924, amma masu iya karanta shi a ƙauyukanmu ƙalilan ne. Mahaifina leburanci ya kai shi Galmi, inda aka buɗe asibitin mishan a 1950, a can ya koyi karatu. Mahaifiyata har ta rasu ba ta san baƙi ba, duk abin da ta haddace daga bakinsa ta ji, da kuma rediyon Muryar Bishara da ake kamawa daga Addis Ababa kafin gwamnatin soja ta Habasha ta karɓe tashar a 1977. Ina yaro ni ke riƙe wayar eriya. Ina jin daga nan sana'ata ta samo asali.

To, takardar.

Shafi ɗaya ce, da Faransanci, mai gurabe bakwai: zama nawa aka yi, mutum nawa suka zo, maza nawa mata nawa, surori nawa aka ji, mutum nawa suka karɓi Almasihu, nawa aka yi wa baftisma, sabbin rukunai nawa aka buɗe. A ƙasa an ce a haɗa da hoton masu sauraro a aika ta WhatsApp. In wata uku suka wuce babu rahoto, suna iya karɓe akwatin su ba wasu.

Mu ranar Laraba da dare muke zama a gidana, bayan an idar da lisha, saboda Lahadi ita ce babbar ranar kasuwar Tawa, ana tashi daga sujada kowa ke rugawa neman abinci. Da kaka gidan yakan cika. Ana gama girbi sai maza su fara zamewa, wannan Abijan, wancan Legas, wani Aljeriya ko Libiya, wani wajen haƙar zinariya bayan Agadas. Da damina kuma kowa ya dawo daga gona a gajiye, ana sura ta biyu sai ka ji minshari. Wanda ke Yamai yana duba takardunmu zai ga lamba ta hau ta sauka, ya ce rukunin Tawa ya yi sanyi. Bai san cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka tafi Abijan ya sa na sauke masa karatun a salula kafin ya shiga mota ba, yanzu shi da 'yan ɗakinsu suke ji da dare. Babu gurbinsa.

Gurbi na biyar shi ne ya haɗa ni da mai kula da shirin, wani saurayi mai ladabi, mutumin Dogonduci. Ya zo zagaye, muka zauna a rumfata, ya buɗe jakarsa.

Ya ce, "Baba, gurbin nan kullum a wofi kuke barinsa. Ofis suna tambaya."

Na ce, "Ɗana, me zan rubuta a ciki?"

"Ai in an gama sauraro, Baba, sai a ce wanda ya ba da gaskiya ya ɗaga hannu, a ƙirga."

Na ce, "Maƙwabcina ya shigo gidana, ya zauna kan tabarmata, ya sha shayina. In na ce ya ɗaga hannu gaban iyalina, kana ganin zai kunyata ni?"

Dariya ya yi ya sunkuyar da kai, don shi ma ɗan ƙasa ne, ya san kara. Mutum zai ɗaga maka hannu yau da dare don kada ka ji kunya, gobe da asuba yana sahun gaba a masallaci, kuma bai yi maka ƙarya ba, kai ne ka yi tambayar da ba a yi wa baƙo. In na rubuta shi, na yi wa ofis ƙarya, na kuma ci amanar maƙwabci. Batun hoto ya fi wannan nauyi. A Nijar, ƙasar da ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, hoton matar aure ko saurayi a zaune gaban akwatin nan, in ya faɗa hannun dangi, yana iya raba aure ko ya sa a kori yaro daga gida. Hoton da ya shiga WhatsApp kuwa ba a kiransa ya dawo. Mun gaya masa ba za mu ɗauka ba, kuma bai matsa ba, wannan na yaba masa.

Ba na cikin masu cewa ƙidaya zunubi ce. Waɗanda suka tara kuɗin akwatunan nan suna da haƙƙin sanin ko suna aiki ko suna kwance a ɗakin fasto ƙarƙashin buhun gero. Luka ma ya ƙirga: a Ayyukan Manzanni sura 2 aya 41 ya ce mutum wajen dubu uku aka yi wa baftisma rana ɗaya. Amma bai tsaya nan ba, nan take ya shiga faɗin yadda suka zauna bayan haka, koyarwar da suka lizima, cin abinci tare, addu'a, da yadda mai shi ke sayar da kayansa don marar shi. Takardarmu a aya 41 ta ajiye alƙalami.

Ga irin abin da ba ta gani. Akwai wata dattijuwa a cikinmu, Inna muke ce mata, an yi mata baftisma tun ban yi aure ba, ba ta fashin sujada, muryarta ce ke ɗaga waƙa a zumuntar mata. Gero take sayarwa a ƙofar gida. Tiya biyu gare ta, kowa ya sani, ba mai faɗa: babba ta saye, da wata da aka bubbuge gindinta ya shige ciki, ta sayarwa. Daren da muka kai Luka sura 6, wurin da Yesu ke maganar mudun da ka auna wa wani da shi za a auna maka, sai ta ce, "Malam, mayar da shi baya." Na mayar farkon surar, tun da ba a zuwa aya, muka sake ji gaba ɗaya. Ba ta ce komai ba, ta ɗauki fitilarta ta tafi. An ɗan jima da haka mai ɗakina ta je awo wajenta, ta dawo tana auna geron a tamu tiyar tana mamaki, don ya cika har ya yi tozo. Bubbugaggiyar tana bakin randa, kaji na shan ruwa a ciki. A takarda, Inna mace ɗaya ce cikin mata, kamar yadda take a watan da ya wuce.

Sai wani kafinta da ya dawo Tawa daga Damagaram bayan tarzomar Janairu 2015. Ranar Juma'a 16 ga wata aka fara a can, washegari Yamai ta kama, mutum goma suka rasu, 'yan sanda suka ce majami'u 45 aka ƙone a Yamai kaɗai. Shi shagonsa da kayan aikinsa suka tafi, kuma ya gane fuskokin wasu cikin yaran, 'yan unguwarsu ne. Da muka fara sauraro na lura duk lokacin da aka zo maganar gafara, Matiyu 5 ko Matiyu 18, sai ya tashi wai zai kewaya, ba ya dawowa sai an wuce wurin. Ba wanda ya tanka masa. Da muka sake zagayowa Matiyu, ya zauna har aka gama labarin bawan da aka yafe wa bashi ya ƙi yafe wa ɗan'uwansa, yana ta murza hularsa a hannu. Bara da ya ji mahaifin ɗaya daga cikin yaran nan ya rasu, ya biya kuɗin mota ya je ta'aziyya. Ba na cewa ya warke. Har yau in ya ji hayaniya bayan an sauko daga Juma'a, sai ya rufe shago. Amma tafiyar nan ta fi mini duk lambobin da na taɓa aikawa.

Manoman albasa na Galmi sun san wani abu game da wannan. Albasar da aka cika wa takin zamani, ganyenta ya fi na kowa kyau a gona, mai wucewa a mota sai ya yaba. In an zuba ta a rudu don a jira farashi ya tashi, ita ke fara ruɓewa. Mun ga haka a 2005, shekarar ƙarancin abinci. Majami'armu ta cika har waje lokacin da ake rabon hatsi, da a ce akwai takardar nan a lokacin da mun zama abin misali har Turai. Da aka yi damina mai kyau, bencina suka koma yadda suke. Ban zargi kowa ba, yunwa ba ta da addini. 'Yan kaɗan sun tsaya, kuma suna nan har yanzu.

Kada kuma a ɗauka ina cewa awon mutanen da shi ne daidai. A zamanin mahaifina, yadda ya ba ni labari, kafin a yi maka baftisma sai ka daɗe a aji, ka iya karatu, ka bar giya, ka kasance da mace ɗaya. Dattawa kan bincika a unguwa ko ana bin ka bashi. Wannan binciken yana da kyau, kuma 'yan Katolika har yanzu sukan riƙe mai neman baftisma shekaru yana koyo. Amma a wancan awon, mai mata biyu da ke riƙe su da adalci yakan tsufa a bencin baya, mai mace ɗaya da ke dukanta yana gaba yana cin Jibin Ubangiji. Su ma abin da ke da sauƙin gani suka auna. Zuciya dai Allah kaɗai ya san ta. Iyakar abin da ikkilisiya za ta iya shi ne ta tambayi waɗanda ke zaune da mutum: matarsa, yaran shagonsa, mai binsa bashi, maƙwabcinsa Musulmi. Ƙauna da haƙuri da kamunkai da Bulus ya jera a Galatiyawa 5, waɗannan mutanen ne ke fara sanin ko akwai su, tun kafin fasto ya sani. Kuma irin wannan tambaya ba ta wata-wata ba ce, sai an ga mutum a shekarar yalwa an kuma gan shi a ta fari.

Abin da na roƙi saurayin ya kai ofis ba mai yawa ba ne. A bar bayan takardar fari, mai jan rukuni ya rubuta da Hausa abin da ya gani ya canja a zaman mutane, ba suna, ba hoto. A daina auna rukunin Adar da watan Maris kamar na watan Oktoba. Ya rubuta a littafinsa, ya ce zai isar. Kafin amsa ta zo, muna cika guraben da lambobin gaskiya ko da sun yi ƙasa, gurbi na biyar kuma wanda ya zo da ƙafarsa ya nemi shiga ajin baftisma kaɗai muke sawa. Ba su karɓe akwatin ba.

Ikkilisiyar da ke da mutumin da zai zauna bayan an kashe akwatin ya ja hira, ya bar tsofaffi da mata su yi tambaya ba tare da ya mayar da zaman wa'azi ba, ta karɓa, ba za ta yi da-na-sani ba. Wadda ba ta da shi ta fara neman mutumin tukuna, don na ga inda ake kunna shi kamar rediyo ana sussukar gero, mai rahoto yana ƙirga kawuna daga bakin ƙofa. A kuma yi magana a kan hoto tun ranar karɓa, gaban Fasto da dattawa, kada a bari sai an saba.

In batirin ya gaji, sabo ba ya wuce jika ɗaya da rabi a nan kasuwa. A ɗaga shi a tafin hannu kafin a biya. Na jabu ba shi da nauyi, kuma shi ne aka fi rubuta wa manyan lambobi a jiki.